Sunaye Da Alƙaluma: Sharhi A Kan Littafin Moore Da Galloway

Littafin da za mu duba a nan shi ne *We Were Soldiers Once… and Young*, wanda Harold Moore da Joseph Galloway suka wallafa a shekarar 1992. Moore Laftanar Kanar ne a lokacin da ya jagoranci bataliyar sojan Amurka mai mutum wajen 450 zuwa kwarin Ia Drang na ƙasar Biyetnam, shi kuwa Galloway ɗan jarida ne da ya shiga fagen daga tare da su.

Jigon littafin shi ne asarar rayuka. Ranar 14 ga Nuwamba 1965 jirage masu saukar ungulu suka sauke bataliyar Moore a wani fili da aka laƙaba wa suna X-Ray, a gindin dutsen Chu Pong, inda sojojin Biyetnam ta Arewa suka ninka su yawa. Kwana uku ana gwabzawa, aka kashe Amurkawa 79, aka raunata 121. Da marubutan sun dasa aya a nan, da labarin ya zama kirarin kwamanda kawai, domin Moore ya riƙe filin bai gudu ba. Amma suka ci gaba zuwa ranar 17 ga wata, lokacin da aka yi wa wata bataliya ƙarƙashin Laftanar Kanar Robert McDade kwanton ɓauna a kusa da filin Albany, tana tafe cikin dogon layi a gajiye. Nan aka rasa mutum 155. A ganinmu wannan kashi na biyu shi ne ƙashin bayan littafin, domin babu nasarar da za a yi tutiya da ita a cikinsa.

Ta fuskar salo, marubutan ba su riƙe labarin a bakinsu su kaɗai ba. Sun bar waɗanda suka tsira suna magana ɗaya bayan ɗaya, kowa da abin da idonsa ya gani. Wannan yakan gajiyar da mai karatu, saboda sunaye da muƙamai sun yi yawa har wani lokaci zaren labari ya kuɓuce. Sai dai da gangan aka yi. Sojan da ya faɗi ana faɗin sunansa, sau da yawa har da garinsu, ta yadda adadin 234 ya tashi daga lissafi ya koma 'ya'yan mutane. Wurin da ya fi taɓa zuciya kuwa ba a fagen fama yake ba. A garin Columbus na jihar Jojiya direbobin tasi ne ke kai wa iyalai takardar wayar mutuwa, har Julia, matar Moore, ta shiga bin gidajen tana ta'aziyya.

To amma adalcin nan a gefe ɗaya ya fi nauyi. Gaskiya ne marubutan sun je Hanoi sun tattauna da Nguyen Huu An, kwamandan da ya yaƙe su, sun kuma girmama shi. Duk da haka, ƙananan sojojinsa alƙaluma suka zama: gawa 634 da Amurka ta ce ta ƙirga a X-Ray. Su ma ai uwaye ne suka haife su. Haka kuma littafin ya fi damuwa da yadda shugabannin Washintan suka tafiyar da yaƙin, bai tsaya sosai a kan hujjar zuwa ƙasar wasu ba tun farko.

Ga wanda ya san labarin ta fim ɗin 2002, wanda Mel Gibson ya fito a matsayin Moore, muna jan hankalinsa cewa an share Albany gaba ɗaya daga cikinsa. A madadinsa an ƙirƙiro wani farmaki na ƙarshe, inda Amurkawa suka haura tudu suka tarwatsa abokan gaba, abin da bai faru haka ba. Mutum 155 ɗin da littafin ya jera sunayensu, fim ɗin bai nuna yadda ko ɗaya daga cikinsu ya mutu ba.