Mai Girki Ake Zaɓa: Nazarin Cin Abincin Waje a Jega, Aliero da Maiyama

Baƙon da ya sauka a mararrabar Jega da yunwa ba ya ɗaga kai ya karanta allon da aka kafa a ƙofar shago. Direba yake nema, ko ɗan kamasho, ya ce: "Malam, don Allah ina ake samun tuwo mai kyau?" Amsar ma ba ta zuwa da sunan gini. Sai a ce masa, "Je wajen Hajiya, bayan tasha." A wannan yanki mutum ake zaɓa, rumfar kuwa ko ta zana ce babu damuwa.

Al'adar tana da tushe. Tun ƙarni na 19 Jega ta yi suna a matsayin babbar kasuwa a kan hanyar fataken goro masu zuwa Gwanja. Falke ba ya cin abinci inda ya ga dama. Mai masaukinsa ne ke tsaya masa, shi ke nuna gidan da za a sayo tuwo ko fura, kuma mutuncinsa ne jingina. Jakuna sun ba motoci wuri, amma garin bai daina zama mahaɗa ba: hanyar Sakkwato, ta Birnin Kebbi, da wadda ta ratsa Maiyama zuwa Koko da Yawuri duk a nan suke gamuwa. Direban da ke bin hanyar kowane mako shi ya gaji mai masauki.

Ma'aunin direba yana da hujja mai ƙarfi. Inda motoci suka yi layi, tukunya ba ta kwana. Miyar da aka kaɗa da hantsi ta ƙare kafin la'asar, ba a ɗumama ta sau uku. Duba yadda gwani yake yi idan ya zauna a benci: ya leƙa tukunyar miyar kuka ya ga ko tana tururi, ya kalli malmalar tuwon shinkafa ko ta yi ɓawo a baya, sannan ya ce, "Hajiya, miyar yau ce?" Ita ma ta san mai tambayar zai dawo jibi, kuma bakinsa yana kaiwa har Kwantagora. Wannan tsoron shi ke riƙe da ingancin girkinta.

Kayan miyar ma a ƙofar gida suke. Aliero garin albasa ne, daga can ake loda ta zuwa kudancin Najeriya da maƙwabtan ƙasashe. Shinkafar Kebbi ta ƙara bunƙasa bayan shirin bai wa manoma rance da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a 2015. Don haka mai abincin da ta yi rowar albasa a wannan ƙasa ba ta da uzuri, kuma mai tsiren da ya yanka maka wadda ta yi laushi ta fara wari ya gaya maka halinsa game da naman kansa.



Sai dai ma'aunin yana da giɓi, kuma giɓin yana damuna. Direba yana auna daɗi, da yawa, da sauƙin kuɗi. Ba ya auna ruwa. Sau da yawa za ka tarar da roba ɗaya ta wanke hannu, mutum goma sun tsoma a ciki, ruwan ya yi fari da maiƙo. Kwanuka ana ɗauraye su a bahon da ba a sauya ba tun safe. Man suyar kifi ya yi baƙi, ana ta ƙara sabo a kan tsoho. Amai da gudawa, wanda ke ɓulla a arewa da damina, ta irin wannan ruwa yake bi, kuma daɗin miya ba ya kashe shi. Kunya ce ke rufe mana baki: mutum ya ga ƙazanta, ya ce ba zai ci fuskar dattijuwa ba.

Ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, sun zo da nasu salon: wurin zama mai fanka, shinkafa dafa-duka a roba, hoto a waya. Wannan ma ba ya nuna abin da ke faruwa a bayan labule, inda ake wanke-wanke.

Ina ganin tsohuwar hanyar ta fi, muddin an ƙara mata tambaya ɗaya. Ka bi shawarar direba, ka nemi Hajiyar da aka yaba, amma kafin ka zauna ka ce cikin ladabi: "Hajiya, a zuba mini ruwa da buta in wanke hannu." Ku kuma shugabannin direbobi na tashoshin Jega da Maiyama, maganarku tana da nauyi a wajen masu abinci, ku sa buta da sabulu cikin sharuɗɗan wadda za ku tura wa baƙo.