Gulbi a Waƙoƙin Mutanen Hubbare

Birnin Sakkwato, wanda Muhammadu Bello ya kafa a 1809, yana bisa tudu ne kusa da inda Gulbin Rima ya haɗu da Gulbin Sakkwato. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya taso daga Sifawa ya zauna a cikinsa a 1815, ya rasu a 1817, aka binne shi a gidansa, wato inda ake kira Hubbare a yau. Daga nan zuwa fadama ba wata tafiya ba ce. Wanda ya fita ta wajen Dundaye ya gangara, zai iske shinkafa da damina, da rani kuwa lambunan albasa da tattasai, ga masunta da gora da koma, ga mata suna wanki, ga makiyaya suna shayar da shanu. Abin tambaya shi ne, ina wannan zama na kwanciyar hankali ya shiga a cikin waƙoƙin da aka rubuta a inuwar Hubbare?

Idan aka bi waƙoƙin ƙarni na sha tara, irin waɗanda Bello Sa'id ya tattara a kundinsa na 1978 kan gudummawar masu jihadi ga adabin Hausa, za a ga cewa da wuya mawaƙi ya tsaya ya dubi gulbi don daɗin kallonsa. Ruwa yakan zo a matsayin wurin da wani abu ya auku, kamar Tabkin Kwatto inda aka gwabza a 1804. Waƙar Gewaye, wadda Nana Asma'u ta tsara da Fulatanci, ɗan'uwanta Isa ya mayar da ita Hausa, tana bin Jama'a zango zango, amma hankalinta yana ga wanda ya yi shahada da wanda ya tsira. Ko a waƙarta ta roƙon ruwa, ruwan rahama ne da ake nema wurin Ubangiji, kuma tuba ce ƙofarsa.

Ba za a ce rashin gwaninta ya kawo haka ba. Abdullahi ɗan Fodiyo, a ƙasidunsa na Larabci da ke cikin Tazyinul Waraƙati, ya nuna ya san yadda ake tsayawa a kufai a siffanta wuri bisa tafarkin mawaƙan Larabawa na dauri. Ashe zaɓi ne suka yi. Waƙar Hausa a wurinsu kayan aikin karantarwa ce, ga jama'ar da ba ta jin Larabci, kuma babban jigonta zuhudu, wato gudun duniya. Mai kiran mutane su bar sha'awar duniya ba zai ɓata baiti wajen yabon iskar la'asar a bakin gulbi ba.

Amma a nan ne ya kamata mai nazari ya yi hattara, domin daɗin da aka hana wa Rima bai ɓace daga waƙar ba, wuri kawai ya sake. A waƙoƙin wa'azi, bayan an gama tsoratarwa da kabari da wuta, sai a buɗe babin Aljanna, kuma abin da ke cikinsa shi ne ƙoramu masu gudana, da inuwa mai sanyi, da 'ya'yan itace a kusa da hannu, da hutu marar yankewa. Wani zai ce ai duk wannan daga Alƙur'ani da Hadisi aka ɗauko shi, har da koguna huɗu na ruwa da madara da giya da zuma da aka ambata a Suratu Muhammad. Gaskiya ne. To amma da aka zuba ma'anar cikin Hausa, sai kalmomin suka zo da ƙasar da suka tsiro a cikinta. A ɗauki macen ƙauye daga cikin 'Yan Taru, wadda ta biyo jajinta ta tako tun daga nesa a tsakiyar bazara don ta ji karatu wurin Asma'u. In aka rera mata baitin inuwa da ruwan sanyi, ba ta da wani ma'auni sai gindin giginya ko tsamiya a gefen fadama, inda ta sauke kaya ta sha ruwa a hanya. Mawaƙan sun san haka sarai, kuma ƙarfin kwaɗaitarwarsu a kan wannan sani ya dogara. Hiskett, a littafinsa na 1975 kan tarihin waƙoƙin Musulunci na Hausa, ya mai da hankali ga asalin Larabci na irin waɗannan siffofi. Ɓangaren mai sauraro kuwa bai sami kulawa daidai da haka ba.

Makaɗan baka sun fi kusantar ruwan, ko da yake su ma da tasu manufa. A bakin makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo, gulbi da kada da dorina kayan zuga sarki ne, ana aron cikar ruwa da haɗarinsa don a firgita abokin gaba. Gulbin da ke kwance lami lafiya ba ya ciyar da maroƙi. Saboda haka zaman yau da kullum ya rage ga waƙoƙin da ba su da ubangida, wato na masunta, da na gayyar noma, da na mata a bakin turmi da dutsen niƙa, kuma su ne manazarta suka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Shi kansa gulbin ya sake hali. An gama madatsar Bakolori a 1978, ta Goronyo a 1984, ambaliyar da fadama ta saba da ita kowace shekara ta koma hannun masu buɗe ƙofar ruwa, injin ban-ruwa kuma ya kori jigo daga yawancin lambuna. Waƙar aiki ba ta daɗewa bayan aikinta ya mutu. Rubutattun waƙoƙin Hubbare suna nan a ajiye cikin ajami da boko, za su jira mai nazari ko bayan shekara ɗari. Na bakin gulbi kuwa suna cikin kawunan tsofaffin Kwalkwalawa da Dundaye da Wurno ne, kuma ɗalibin da ke neman batun kundi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo yana ƙetare gulbin nan duk ranar da ya fito daga gari zuwa aji.