A Dawo da Fatsa, a Bar Gidan Sauro a Ɗaki

Daga tafkunan Dalijan har fadamun Kalgo, yaran da ke fita su yanzu ba su cika tambayar wane koto ya dace ba. Gidan sauro ake kwancewa, mutum biyu su riƙe bakinsa su ja, a kwashe komai har 'ya'yan ƙarfasa da ba su kai ɗan yatsa ba. Wannan yayi yana ci mini rai, domin bayan kifin da yake ƙararwa, ilimin fatsa ma yana tafiya da shi.

Zaɓen koto sana'a ce. Tsohon masunci ya san tarwaɗa a ƙasan ruwa take kiwo, wari take bi, don haka tana ko hanjin kaza yake soka mata, ya bar ƙugiya ta kwana. Farkon damina, daren da shinge ya fito ya zuba bisa ruwa, da safe shi zai sa. Giwan ruwa kuwa sai da ƙaramin kifi mai rai. Kowane koto da kifin da yake kira, shi ya sa fatsa ke barin ƙanana su girma.

A arewacin Ingila, yankin Yokshaya, akwai koton hannu da suke kira gizo-gizo. Zaren siliki kaɗan ne a jikin ƙugiya, sai gashin tsuntsu mai laushi, kamar na makwarwarsu, a naɗa sau ɗaya ko biyu. In ya nitse, gashin ya riƙa motsi kamar ƙafafun ƙwaron da ruwa ya ci. Wani mai suna T. E. Pritt ya rubuta littafi a kan irinsa a 1885, kuma har yau ana ɗaura shi, ana sauya launin zaren bisa ƙwarin da ke fitowa a watan. Lurar da masuntanmu Sarkawa ke yi ce sak, sai dai su can sun rubuta tasu.

Ba na raina yunwar da ke kai yaro ga gidan sauro. Amma a Argungu ana hana kamun kifi a kogin Matan Fada har ranar bikin su, kuma kowa ya ga girman abin da ake fitarwa.

Sarakunan ruwa, ku hana ragar nan mai ƙananan ido. Dattawan masunta, ku riƙa zuwa bakin ruwa da jikokinku, ku nuna musu koton kowane wata.