2.3 Tsokaci a Kan Ra'ayin Stebbing Game da Kwararowar Hamada

Daga cikin ayyukan da suka yi tasiri a kan tunanin hukumomi dangane da muhallin ƙasar Hausa akwai maƙalar E. P. Stebbing, wadda ta fito a mujallar Geographical Journal a shekarar 1935. Stebbing masanin gandun daji ne ɗan Birtaniya, wanda ya daɗe yana aiki a Indiya kafin ya zama shehun malami a Jami'ar Edinburgh. A 1934 ya zagaya arewacin Nijeriya da kudancin Nijar, ya koma gida da hukunci mai tayar da hankali. A ganinsa Sahara tana gangarowa kudu da kimanin kilomita ɗaya a kowace shekara, kuma mutanen yankin ne da hannunsu suke buɗe mata ƙofa ta hanyar sassabe, da ƙunar daji, da yawan kiwo, da saran rassan itatuwa domin dabbobi. Maganin da ya bayar shi ne hukuma ta shata dogon shingen gandun daji daga yamma zuwa gabas, ta hana taɓa shi.

Tambayar da ke ƙarƙashin maƙalar ita ce ko amfanin da ɗan'adam yake yi da albarkatun ƙasa yana jawo ɓarnar da ba ta gyaruwa. Stebbing ya amsa da cewa haka ne, ya kuma nuna manomi da makiyayi da yatsa. Haƙiƙa ya cancanci yabo saboda jawo hankali ga lamarin da wuri. Sai dai idan aka auna hujjojinsa za a ga ba su kai nauyin hukuncin da ya ɗora a kansu ba.

Raunin farko yana ga hanyar tattara bayanai. Ziyara ce ta ɗan lokaci, kuma da rani. Duk wanda ya san ƙasar Hausa ya san gonar gero bayan an kwashe kara, dabbobi sun yi kiwo, hunturu ya busa, ba ta da maraba da hamada a idon baƙo. Wannan fili ɗin ne kuma a watan Agusta zai shanye mutum da tsayinsa. Gani ya kori ji, amma gani ɗaya ba ya auna canji, domin canji sai an kwatanta lokaci da lokaci. Ba a daɗe ba aka gane haka. Kwamitin haɗin guiwa na masana gandun daji na Ingila da Faransa ya bi kan iyakar ƙasashen biyu a tsakanin 1936 da 1937, bai sami shaidar cewa hamada tana tafiya gaba ɗaya ba. Abin da ya tarar shi ne lalacewar daji a wurare daban-daban, nan da can, galibi inda aka matsa wa ƙasa.

Bugu da ƙari, maƙalar ba ta bai wa ruwan sama matsayin da ya dace da shi ba. Fari na 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1985 sun sa mutane da dama sun ɗauka maganar Stebbing ta tabbata. Amma nazarin hotunan tauraron ɗan'adam da Tucker da abokan aikinsa suka fitar a 1991 ya nuna gefen Sahara ya matso kudu daga 1980 zuwa 1984, da damina ta gyaru kuma ya ja da baya. Ke nan gefen hamada kai-kawo yake yi gwargwadon ruwan shekara. Daga baya, a 2003, Giannini da abokanta suka danganta farin da canjin zafin ruwan teku, wasu masanan kuma suka haɗa da hayaƙin masana'antun Turai da Amurka mai ɗauke da farar wuta. Idan kuwa haka ne, to akwai hannun ɗan'adam a ciki, amma ba hannun mai riƙe da hauya a Daura ko Tasawa ba ne ya fi nauyi.

Inda maƙalar ta fi yin tuntuɓe shi ne yadda ta ɗauki manomi a matsayin mai ci kawai, ba mai gyara ba. Ƙasar Kano, wadda Stebbing ya ga tana cikin haɗari, ita ce ta ƙaryata shi. Michael Mortimore, wanda ya shafe shekaru yana koyarwa a Zariya da Kano, ya nuna cewa a karkarar da ke kewaye da birnin, inda jama'a suka fi cunkoso, ana noma gona ɗaya shekara da shekaru ba tare da hutu ba, ana riƙe ƙarfinta da takin dabbobi da sharar gari da jakuna suke ɗaukowa a mangala. Ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo kuwa dukiya ce mai mai ita, ba a sare su haka kawai. A Maraɗi ma, daga 1983, manoma sun rungumi abin da ake kira sassabin zamani, wato barin toho daga tsofaffin kututture a rene shi ya zama itace. An ƙiyasta cewa fili mai faɗin kadada miliyan 5 ya farfaɗo ta wannan hanya a kudancin Nijar. Abin lura a nan shi ne, dokar gandun daji ta Faransa ta 1935 ta sanya itatuwa a hannun hukuma, kuma manomin da yake tsoron tarar ma'aikacin gandun daji ba ya barin itace ya girma a gonarsa. Sai da aka sassauta wannan riƙo itatuwan suka dawo. Wato irin maganin da Stebbing ya yi imani da shi yana cikin abubuwan da suka ƙara ciwon.

Akwai kuma abin da marubucin ya yi shiru a kai, wanda bai kamata ma'aikacin daular ya manta da shi ba. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 gyaɗa ta zama hanyar samun kuɗin haraji, gonaki suka faɗaɗa, hutun ƙasa ya gajarta. Maƙalar ta ga gatari, ba ta tambayi wanda ya sa aka ɗauke shi ba.

Duk da haka, kuskure ne a fahimci wannan suka a matsayin cewa ƙasa tana warkewa daga kowane rauni. Inda ruwa ya kwashe ƙasar sama ya bar fako, shekaru kaɗan na damina mai kyau ba sa mayar da ita, domin ƙasar noma tana ɗaukar ɗaruruwan shekaru kafin ta taru. Itacen girkin birnin Kano ma, da aka bar na gonakin kusa, daga dazuzzuka masu nisa motoci suke ɗauko shi, don haka wani ɓangare na ɓarnar wuri kawai ya sauya. Namun daji kuwa lamarinsu ya fi muni. Mariri, wanda a da yake yawo garke-garke a gefen Sahara, farauta da bindiga da mota ta ƙarar da shi, har aka ayyana a shekarar 2000 cewa babu sauransa a daji. Ba don waɗanda aka killace a wasu ƙasashe ba, da ba a sami irin da aka fara sakewa a Chadi a 2016 ba. Stebbing ya zuba ido ga yashi yana jiran ya taso, alhali asarar da ta fi wuyar gyara tana faruwa a wuraren da ba su sauya kama a taswira ba.