Baba ta Karo: Tarihi Daga Bakin 'Yar Manoma

Duk wanda ya karanta girgam na Katsina, ko tarihin sarakunan Kano wanda H. R. Palmer ya buga da Turanci a 1908, ya san yadda irin waɗannan littattafai su ke tafiya. Sarki wane ya hau, ya ci gari kaza, ya shekara kaza, ya rasu, ɗan'uwansa ya gaje shi. Manomin da ya noma hatsin da aka ciyad da dawakin sarki ba ya ciki, sai fa in yunwa ta kashe shi ko an kama shi a yaƙi. Abin da ya sa labarin Baba ta Karo ya cancanci a dube shi da idon basira ke nan, gama shi daga gona ya faro.

An haifi Baba wajen 1877 a Karo, wani ƙauye kusa da Zarewa, a kan iyakar Kano da Zazzau. Asalinsu Barebari ne, ubanta Tsoho manomi ne, kuma malami. Ta yi aure huɗu, ba ta haihu ba, amma ta riƙe 'ya'yan dangi, ta kuma yi ungozoma. A Giwa ta ƙare zamanta, nan ne Mary Smith ta same ta a ƙarshen 1949, sa'ad da mijinta M. G. Smith ya ke binciken zaman Hausawan Zazzau. Baba ta yi ta ba da labari, Baturiyar tana rubutawa da Hausa, har aka shiga 1950. Ta rasu a 1951, littafin kuwa ya fito da Turanci a London a 1954, watau ba ta gan shi ba.

Inda Baba ta fi gwaninta shi ne wajen bayanin gandu da rinji. Ta nuna yadda bayin gidansu su ke fita gandu da hantsi, a kai musu abinci gona, su tashi da azahar, sa'an nan kowa ya nufi gayaunarsa ya yi wa kansa. Ta faɗi yadda a ke yi wa ɗan baiwa suna, da yadda bawa ya ke tara kuɗi ya fanshi kansa. Ba wani marubucin fada da zai tsaya a kan wannan, don a wurinsa abu ne da kowa ya sani. Har wa yau ta ba da labarin masu hari, musamman mutanen Mai Sudan na Kwantagora, yadda su ke ɗauke mata a hanya ko a gona, dangi su bi sawu su tara wuri su fanso nasu. Mai karatu ya kan ji tsoron a jikinsa, ko da ya ke ita ba ta ƙawata magana ba, faɗi kawai ta ke yi kamar mai ba jikokinta labari.

Amma a ganina akwai wurare biyu da ya kamata malami ya yi hattara. Na farko lissafin shekaru. Baba ba ta ƙidaya da shekara, da aure ta ke ƙidaya, da haihuwa, da mutuwa, da zuwan Turawa. Mun san Zariya ta shiga hannunsu a 1902, Kano a 1903, to, da wannan turke ne a ke ɗaure sauran abin da ta faɗa. Wannan ba aibi ba ne gare ta, haka mutanen karkara su ke yi, sai dai kada a ɗauki shekarun da ke cikin bayanin M. G. Smith a ce daga bakinta su ka fito.

Na biyu ya fi nauyi. Baba ta nuna cewa Haɓe sun yi murna da zuwan Turawa, Filani ne ba su so ba. An yi ta ɗaukar wannan magana ana kafa hujja da ita. To, sai a tuna da Baturiya ta ke magana, a zamanin da Turawa ke mulki. Kuma gidansu gidan masu bayi ne, ita da kanta ta faɗi yadda bayin su ka watse bayan an hana bauta, rinji ya mutu. Murnar da asarar duk suna cikin labarin, wanda ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya ya zalunce ta. Ita kalmar Haɓe ma, a lura, Fillanci ce, jam'in Kaɗo. Ga Babarbariya tana kiran kanta da sunan da Filani su ka raɗa wa waɗanda ba su ba, wannan kaɗai ya isa nazari.

Game da fassara, Mary Smith ta yi ƙoƙari ƙwarai, amma gandu ba shi da takwara a Turanci, gama ya haɗa gona da mutanen da ke nomanta da ikon maigida a kansu. Haka ƙawa da biki. Shekaru da yawa Bahaushe bai iya karanta Baba sai da harshen wani, kafin Jami'ar Bayero ta buga Hausar. Wannan ita ya kamata a ba ɗalibai, su ji yadda ta ke jera zance da sai da kuma.

Abin da ya sa na ɗauko zancen, na tuna da ƙauyukan bakin Karaduwa kusa da Dutsin-Ma. Da aka gama madatsar Zobe a 1983 ruwa ya rufe fadamu da gonaki, waɗanda su ka noma su kuwa sun tsufa. Malamin da zai tafi ya ɗauki labarinsu ya rubuta tambayarsa tare da amsar, abin da ba mu samu ba a littafin Baba, inda muryar mai tambaya ta ɓace gaba ɗaya.