Ƙira ko Narkar da Tama? Tsokaci a Kan Wani Ra'ayi da Ya Yaɗu

A yawancin rubuce-rubucen da ake yi a kan sana'o'in Hausawa na gargajiya, akan ce zuwan Turawa ne ya durƙusar da sana'ar ƙira. Manufar wannan tsokaci ita ce nuna cewa wannan ra'ayi ya samo asali ne daga cuɗa ma'anar kalmomi.

Kafin Turawa su ci Kano a 1903, aikin ƙarfe hawa biyu ne. Akwai masu haƙo tama su narka ta da gawayi har ta zama ƙarfe. Akwai kuma maƙera, waɗanda ke sarrafa ƙarfen da zugazugi da masaba da awartaki a kan uwar maƙera. Su ma maƙeran sun kasu gida biyu: maƙeran baƙi masu ƙera garma da fartanya da takobi, da maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla. Manazarcin da ya tara waɗannan duka a ƙarƙashin kalmar "ƙira", dole hukuncinsa ya karkace.

Abin da ya ja da baya shi ne narkar da tama. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, ƙarfen waje da tarkacensa suka fara samuwa da araha, sai wahalar haƙa da narkawa ta rasa riba. Amma maƙerin baƙi bai rasa abin yi ba. Ko da yake ƙarewar yaƙe-yaƙe ta rage neman mashi da takobi, bunƙasar cinikin gyaɗa daga 1912 ta ƙara buƙatar kayan noma. Littafin Philip Jaggar na 1994 a kan maƙeran birnin Kano ya bi sawun yadda sana'ar ta sauya salo a ƙarni na 20, wanda ke nuna ba mutuwa ta yi ba.

Wannan bambanci yana da muhimmanci ga masana harshe. Kalmomin maƙera suna nan a bakin masu sana'ar, ana iya samun su a kasuwanni. Na masu narkar da tama kuwa sun bi masu su, sai abin da ƙamusai irin na Bargery na 1934 suka adana, da abin da zuriyarsu ke iya tunawa. Saboda haka, nan ne ya kamata masu bincike su hanzarta, tun kafin ragowar ta salwanta.