Wutar Da Ba A Hura Ba: Sharhi A Kan Zanen Bangon Asisi



Garin Asisi yana tsakiyar Italiya, a yankin Umburiya, an ɗora shi a kafaɗar wani dutse da ake kira Subasiyo. Jirgin ƙasa ba ya hawa can. A fili yake sauke ka, sannan ka shiga bas ta yi ta murɗawa da kai har ƙofar gari. Wani ɗan uwa da ke karatu a Ferujiya, birnin da ke kusa, shi ya matsa mini sai na je. Na tafi da niyyar kallon gini kawai, na dawo da tambayar da ta hana ni sakat: idan mutum ya mutu, wa ke ba da labarinsa, shi da abin da ya bari, ko waɗanda suka gina masa hubbare?

Mutumin da ake zuwa ziyara dominsa shi ne Faransis, waliyyin Kiristocin Katolika. An haife shi wajen 1181 a gidan wani attajiri mai sayar da yadi. Da ya girma sai ya yi watsi da dukiyar uban, ya zaɓi zuhudu, yana yawo ba takalmi, yana jinyar kutare, yana wa'azi. Almajirai suka taru gare shi har suka zama ƙungiya. Ya rasu ranar 3 ga Oktoban 1226. Ba a cika shekara biyu ba Fafaroma Giregori na 9 ya ayyana shi waliyyi, ranar 16 ga Yulin 1228, washegari kuma ya aza tubalin majami'ar da za ta ɗauki gawarsa. Wurin da aka zaɓa a gefen gari yake, inda a da ake kashe masu laifi, ana kiransa Tudun Jahannama. Aka sauya masa suna zuwa Tudun Aljanna.

Majami'u biyu ne, ɗaya bisa ɗaya. Ta ƙasa na fara shiga. Rufinta gajere ne, duhu-duhu, sai idonka ya saba kafin ka gane cewa babu tafin hannu guda na bangon da ba a yi wa zane ba. Ba a ɗaukar hoto a ciki, kuma da hayaniya ta tashi sai ka ji mai gadi ya tsawatar a yi shiru. A saman bagade, a rufin da maginanmu za su kira ɗaurin guga, akwai zane huɗu. Ɗaya yana nuna ɗaurin auren Faransis da Talauci, wadda aka siffanta a matsayin mace ramammiya cikin tsumma, tsaye a kan ƙaya, yaro yana jifanta, kare yana yi mata haushi. Wani kuma yana nuna Faransis zaune a kan karaga cikin riga mai ruwan zinariya, mala'iku sun kewaye shi. Zanen Talaucin ma a kan shimfiɗar zinariya aka yi shi.

Taku kaɗan daga nan akwai ɗakin da aka ajiye kayansa. A cikin gilashi ga rigarsa ta ainihi, mai launin toka, faci a kan faci. Wannan mutum ne ya bar wasiyya cewa kada almajiransa su karɓi majami'a ko gida sai wanda ya dace da talaucin da suka yi alkawari. Ka dubi rigar, ka ɗaga kai ka dubi zinariyar, ka san akwai magana. A ɗakin ne kuma na ga wani ƙaho na hauren giwa wanda masu kula da wurin ke cewa kyautar Sarkin Masar ce. Ku riƙe wannan ƙahon, za mu dawo kansa.

Daga nan muka hau matakala zuwa majami'ar sama. Ita doguwa ce, cike da haske, tagoginta masu gilashin launi. A jikin bangonta ne aka jera zane 28 na tarihin Faransis, waɗanda aka yi a ƙarshen ƙarni na 13, ake danganta su ga Jiyoto, wanda Italiyawa ke rubutawa Giotto. Masana sun daɗe suna jayayya kan ko shi ne ya yi su ko wasu gwanaye daga Roma, amma sunansa ne ya bi su, da shi zan kira mai zanen.

Ba zan rage masa komai ba, gwani ne. Irin wannan zane a kan ɗanyen yaɓe ake yinsa. Da safe a shafa yaɓen farar ƙasa daidai inda za a iya gamawa a ranar, mai zane ya sa launi kafin ya bushe, launin ya shige cikin bango ya zama jikinsa. Duk wanda ya taɓa ganin magini yana fitar da ado a fuskar soro tun laka tana ɗanya ya san saurin hannun da aikin ke bukata. Kafin zamanin Jiyoto, waliyyai a zane a sandare suke kamar an manna su. Shi ya ba su nauyi, ya tsayar da su a ƙasa, ya sa su cikin titunan da mai kallo ya sani. A zane na farko ka ga dandalin Asisi da tsohon haikalin Rumawa wanda har yau yana nan, sai dai ginshiƙansa shida ne, shi ya zana biyar. A zane na 5 Faransis ya tuɓe tufafinsa ya mayar wa ubansa. Uban ya yunƙuro cikin fushi, wani ya riƙe masa hannu ta baya, bishop ya rufa wa yaron mayafi yana kawar da kai. Tsakanin uba da ɗa an bar fili fayau, kuma filin nan shi ne labarin gaba ɗaya. Ko ba ka san tarihin ba, za ka gane gida ne ya rabu.

Wannan gwanintar ce ta sa zane na 11 ya dame ni. A dama ga sarki a kan karaga, fadawa a bayansa, ya miƙa hannu. A tsakiya ga Faransis da abokin tafiyarsa. A ƙasa wuta tana ci. A hagu ga malaman sarki da gemunansu, sun juya suna neman hanyar fita, tsoro a fuskokinsu. Saƙon ba ya bukatar tafinta: an kira gasar shiga wuta don a san addinin gaskiya, Kirista ya tsaya, malaman Musulmi sun gudu.

Haɗuwar dai ta faru. A 1219, lokacin yaƙin Salibiyya na biyar, rundunar Turawa ta yi wa birnin Dimyaɗ na Masar ƙawanya. Faransis ya isa sansaninsu, sannan ya tsallaka ba makami zuwa sansanin Sarki Al-Malik Al-Kamil, ɗan ɗan'uwan Salahuddin Al-Ayyubi. Littattafan tarihin Larabawa na zamanin ba su ambace shi ba, don haka daga bakin Kiristoci muke da labarin. Jak na Bitiri, bishop ɗin Akka, yana Dimyaɗ a lokacin, kuma ya rubuta wasiƙa a 1220. Abin da ya faɗa shi ne Faransis ya yi kwanaki yana wa'azi, bai samu biyan bukata ba, sarki ya sallame shi lafiya har ya nemi ya yi masa addu'a. Babu wuta. Toma na Celano, wanda ya rubuta tarihin Faransis na farko wajen 1229, ya ce sarki ya girmama shi, ya saurare shi, ya yi masa tayin kyaututtuka ya ƙi karɓa. Nan ma babu wuta.

Sai a littafin Bonabentura, shugaban ƙungiyar, wanda aka amince da shi a 1263, wuta ta shigo. Shekara 44 ke nan bayan abin ya faru. Ko a can ma magana ce kawai: Faransis ya nemi a hura, sarki ya ƙi, wani malami guda ya sulale. A 1266 ƙungiyar ta ba da umarnin a lalata tarihin da aka rubuta a baya, a bar na Bonabentura shi kaɗai, kuma shi Jiyoto ya bi. Amma ya ƙara nasa. Marubuci ya kawo zancen wuta, mai zane ya hura ta, ya mayar da malami ɗaya ayari. Shekara sama da 700 ke nan tana ci a bangon.

Za a iya kare mai zanen, kuma kariyar tana da ƙarfi. Yaya za ka zana kwanaki na hira? Bango ba ya magana. Mai zane yana bukatar abin da ido zai kama, kuma wuta ta fi saurare sauƙin zanawa. Na yarda. Sai dai mutumin da ya iya zana rabuwar uba da ɗa da fili kawai, ba zai kasa zana mutum biyu suna sauraren juna ba. A zane na 15 ya nuna tsuntsaye sun yi tsit suna jin wa'azi. Tsuntsu ya samu kunne a bangon nan, Musulmi bai samu ba. Wannan zaɓi ne, kuma na waɗanda suka ba da aikin ne kamar yadda yake na mai zanen. Ƙungiya mai ƙarfi, a majami'ar Fafaroma, tana son waliyyin da ya yi nasara. Wanda ya je ya dawo hannu rabbana ba ya cika bango.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Faransis da kansa ya bar magana a kan wannan. A dokar da ya tsara wa almajiransa a 1221, shekara biyu bayan Masar, akwai babi a kan masu tafiya ƙasar Musulmi. Hanya ta farko da ya ba su ita ce kada su yi jayayya ko gardama, su ƙasƙantar da kai ga kowa saboda Allah, su kuma bayyana cewa su Kiristoci ne. Wa'azi sai sun ga lokacinsa ya yi. Wanda ya rubuta haka, an zana shi yana kiran gardama mafi zafi.

Kada kuma mu yi namu son zuciyar. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. A yau ana son mayar da Faransis jakadan tattaunawar addinai irin na zamaninmu. A Asisi ne Fafaroma John Paul na 2 ya tara shugabannin addinai don addu'ar zaman lafiya ranar 27 ga Oktoban 1986, kuma a Fabrairun 2019, shekara 800 bayan Dimyaɗ, Fafaroma Faransis da Shehun Azhar Ahmad Al-Ɗayyib suka sa hannu kan takardar ƴan'uwantaka a Abu Dabi. Abubuwa ne masu kyau. Amma Faransis na 1219 ya je ne don ya mayar da sarki Kirista, a shirye kuma yake ya mutu a kan haka. Sarki bai bar addininsa ba, shi ma bai bar nasa ba. Darajar haɗuwar a nan take: kowannensu ya tabbata ɗayan yana kan kuskure, ana tsakiyar yaƙi, amma aka rabu ba jini. Shi Al-Kamil, da ambaliyar Nilu ta ritsa da rundunar Turawa a 1221, abinci ya aika musu. Wannan sarkin ba ya cikin zanen. Ƙahon hauren giwar nan ma, ko da gaske daga hannunsa ya fito ko daga baya aka jingina masa, ya fi zanen kusa da halinsa.

Ni ɗan Damagaram ne, shi ya sa ban iya kallon wutar nan a matsayin launi kawai ba. Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015, saboda zanen ɓatancin da wata jarida ta buga a Faransa, aka ƙona majami'u a garinmu, washegari a Yamai, rayuka suka salwanta. Zafin ɓatancin gaskiya ne, na ji shi kamar kowa. Amma waɗanda aka ƙona wa wuraren ibada ba su suka yi zanen ba, maƙwabtanmu ne. Na san abin da zane ke iya yi idan ya nuna maka mutanenka a wulaƙance, na kuma san abin da wutar gaske ke yi. Saboda haka a gaban bangon Asisi ban ji ina son a kankare shi ba. Lokacin da girgizar ƙasa ta 26 ga Satumban 1997 ta rufto da sassan rufin majami'ar ta kashe mutum huɗu, ƙwararru sun yi shekaru suna tsince ɓarɓashin zanen suna haɗawa, kuma sun kyauta. Abin da nake so shi ne a karanta bangon kamar yadda muke karanta littafi a wannan fage namu: wa ya rubuta, yaushe, don wa, me ya bari a waje. Muna cewa gani ya kori ji. A Asisi na koyi cewa wani ganin sai an bi shi da tambaya.

Da yamma muka gangaro fili don mu kama jirgi. Kusa da tashar akwai wata katafariyar majami'a mai ƙubba, wadda aka fara ginawa a 1569. A tsakiyarta, ƙarƙashin ƙubbar, akwai ɗan ɗakin ibada na dutse wanda bai fi zaure ba, ana kiransa Forziyunkola. Faransis ya gyara shi da hannunsa, a nan ƙungiyarsa ta kafu, a gefensa kuma ya cika, bayan ya nemi a kwantar da shi a ƙasa. An gina babbar ne don ta ɗauki taron masu ziyara, sai ta haɗiye ƙaramar. Duk wanda Allah ya kai shi Asisi, shawarata ita ce ya fara da nan, ya ga rigar faci, sannan ya hau ya kalli Jiyoto. Zai ji daɗin gwanintar, kuma ba za ta rufe masa ido ba.

Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu.